Yadda Ake Koyar da Sabbin Ɗalibai Jamusanci ta Hanyar Gajerun Labarai

Masu neman Jamusanci a wajenmu ba don sha'awa kawai suke nemansa ba. Akwai matar da mijinta ke zaune a Hamburg ko Frankfurt, wadda galibi ba za a ba ta bizar bin miji ba sai ta nuna shaidar matakin A1, wato matakin farko na iya Jamusanci, sharaɗin da Jamus ta gindaya tun 2007. Akwai matashin da ya ji labarin Chancenkarte, katin zuwa neman aiki da aka fara bayarwa a watan Yunin 2024. Ga kuma ma'aikatan jinya masu hangen asibitocin can, su kam sai sun kai matakan gaba, B1 ko B2. Duk malami suke nema, kuma yawancin malamai da jadawalin nahawu suke buɗe aji: der, die, das, den, dem, des. Mu ko gwanayen hadda ne, kafin mako biyu an haddace jadawali tsaf. Sai ka tambayi ɗalibi "Wo wohnst du?", wato a ina kake zaune, ya yi zuru yana kallon silin.

Hanyar da zan bayyana ta samo tushe daga Stephen Krashen, masanin harshe a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Tun ƙarshen shekarun 1970 yake cewa harshe yana zama a kan mutum ne idan ya ji magana ko ya karanta ta, ya kuma gane abin da ake nufi, muddin maganar ta ɗan ɗara abin da ya riga ya sani. Duk wanda ya ga yadda ɗan kasuwarmu ke sauka Mile 12 a Legas ya kama Yarbanci ba allo ba littafi, ba zai yi gardama sosai ba. Wajen 1990 wani malamin Sifaniyanci a Kalifoniya, Blaine Ray, ya mayar da wannan ra'ayi aikin cikin aji: malami da ɗalibai su ƙaga labari tare, da kalmomi 'yan kaɗan, ana ta juya su. Tsarin nasa ake kira TPRS.

Fara da jiki, ba da baki ba

A kwanakin farko kada ka nemi kowa ya yi magana. Ba da umarni, ka aikata shi da kanka, su bi ka. "Steht auf", ka miƙe. "Setzt euch", ka zauna. "Geht zur Tür", ka nufi ƙofa. Bayan 'yan zagaye sai ka daina motsi, ka faɗa da baki kawai, ka ga wa zai tashi. Dabarar James Asher ce, wani malamin ilimin halayyar ɗan'adam a San José, tun shekarun 1960. Amfaninta biyu: ɗalibi ya gane cewa yana iya fahimtar Jamusanci tun ranar farko, kai kuma da ido kake ganin wanda bai gane ba.

In akwai manya a ajin, ga Alhaji ga Hajiya, yi amfani da Sie na girmamawa: "Stehen Sie auf." Ba za ka yi asara ba, don da Sie ake magana a ofis da asibiti da ɗakin jarrabawa. Kada dai ka daɗe a wannan mataki. Magidanci ba zai jure tashi-zauna na wata guda ba.

Zaɓi kalmomi uku

Kowane labari a gina shi kan sababbin abubuwa uku, iyaka. Nan ne malamai ke shan wuya, don zuciya tana raya maka cewa ka cuci ɗalibai in ba ka cika musu allo ba. Fara da aikatau da suka fi yawo a harshen: ist, hat, will, geht, mag, sagt, es gibt. Da waɗannan kaɗai ana iya ba da labari mai kai da gindi. Sunayen kayan marmari ashirin ko launuka goma sha biyu ba sa haɗa ko jimla ɗaya.

Rubuta ukun a allo, kowace da ma'anarta da Hausa a gefe:

hat Hunger – yana jin yunwa
will Fleisch – yana son nama
geht zum Markt – ya tafi kasuwa

Wasu malamai suna ganin aibi ne a furta Hausa a ajin Jamusanci, sai su ɓata minti biyar suna kwaikwayon yunwa da hannu, rabin aji na zaton ciwon ciki ake nufi. Ban ga dalili ba. Faɗi ma'anar cikin daƙiƙa biyu ka koma Jamusanci. A bangon aji kuma ka manna kalmomin tambaya da fassararsu, su zauna nan har ƙarshen zango: wer, was, wo, wohin, wann, warum, wie viele.

Labarin kansa

Nan ne aikin yake. Ni na fi son a fara da Gizo, don ba wanda za a yi wa bayanin halinsa. Kowa ya san makwaɗaici ne, ya san Ƙoƙi matarsa ce, ya san in Kura ta shigo akwai magana. Abin da ɗalibi ya riga ya sani game da labari yana ɗauke masa rabin nauyin fahimta.

Fito da ɗalibi ɗaya gaban aji ya zama Gizo. Ka ce, a hankali, kana nuna allo da yatsa: "Gizo hat Hunger." Ka dakata. Daga nan sai ka yi ta kewaya wannan jimla ɗaya da tambayoyi, aji na amsawa gaba ɗaya da kalma ɗaya ko biyu.

"Hat Gizo Hunger?" Aji: "Ja!" Kai: "Ja, Gizo hat Hunger."
"Hat Gizo Hunger oder hat Koki Hunger?" Aji: "Gizo!"
"Hat Koki Hunger?" Aji: "Nein!" Kai: "Nein, Koki hat keinen Hunger. Gizo hat Hunger."
"Wer hat Hunger?" Aji: "Gizo!"

Duba ka gani, cikin minti ɗaya sun ji hat Hunger kusan sau takwas, kuma kowane karo sai da suka gane kafin su amsa. Ba maimaicin "ku faɗa bayana" ba ne, wanda baki ke motsi hankali na wani wuri. Sai ka juya ga ɗan wasanka: "Gizo, hast du Hunger?" Ka nuna masa amsar da ka rubuta a gefen allo: "Ja, ich habe Hunger." Ga habe, hast, hat sun shigo aji ba tare da an zana jadawali ba.

Kada ka zo da labari gamamme daga gida. Zo da ƙashinsa kawai: wani yana da matsala, ya je wuri na farko bai dace ba, ya je na biyu bai dace ba, a na uku aka warware. Tsokar kuwa ɗalibai za su sa. "Wohin geht Gizo?" Wani ya ce Kasuwar Kurmi, wata ta ce Berlin. Ka ɗauki wanda ya fi ban dariya, ka tabbatar da shi kamar da ma haka yake: "Ja! Gizo geht nach Berlin!" "Wie viele Kilo Fleisch will Gizo?" In suka ce biyu, ka girgiza kai. In wani ya ce ashirin da ɗaya, ka rubuta einundzwanzig a allo. A kasuwa akwai nama, "aber Gizo hat kein Geld", ba shi da ko sisi. Ya tafi wajen Kura neman rance. Abin da ajin ya ƙaga da kansa ba ya saurin mantuwa, kuma mako mai zuwa za ka ji suna tsokanar ɗan wasan da "kein Geld" a bakin ƙofa.

Abu biyu ke kashe wannan darasi. Na farko sauri. Jimlar da kai ka ji sau dubu, su yau suka fara jin ta, don haka ka rage gudu har sai ka ji kamar ka yi yawa, sannan ka ƙara ragewa. Na biyu fita daga iyaka: labari ya yi daɗi, sai ka shiga zubo kalmomin da ba a koya ba. Duk sabuwar kalmar da ta suɓuce maka, ko dai ka rubuta ta da ma'anarta nan take, ko ka janye ta. Kewayen tambayoyin ma kada ya zama waƙa. In ka ga idanu sun fara lumshewa, ƙaro wani sabon abu cikin labarin, ka kewaya shi.

Ka tabbata an gane

Ɗalibinmu ba ya son ce wa malami "ban gane ba", musamman a gaban jama'a. In ka tambaya "kun gane?" za a ce maka e, ko da ba a gane ba. Ku yi yarjejeniya da wata alama tun ranar farko, misali a dunƙule hannu a kan ƙirji, ma'ana malam dakata. Zaɓi ɗalibi ɗaya mai ƙoƙari amma mai ɗan jinkirin kamawa, ka riƙa auna gudunka da fuskarsa, ba da ta zaƙaƙurin da ke layin gaba ba. Lokaci-lokaci ka tsaya ka ce, "Me na faɗa yanzu, da Hausa?" Ƙarshen darasi a yi tambayoyi biyar masu sauƙi na ja ko nein a kan labarin. In da yawa sun faɗi, gudunka ne ya yi yawa.

Washegari a karanta

Rubuta labarin jiya cikin jimloli goma zuwa goma sha biyar, ka ɗan sauya wuri ko suna, ka raba. Ka karanta da ƙarfi suna bi da ido, sannan su fassara bi da bi, biyu-biyu. Masu bincike irin su Paul Nation na ƙasar New Zealand sun nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya karanta shi cikin sauƙi ba mataimaki. Shi ya sa tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm, waɗanda suka fara fitowa a 1812, ba na ɗan A1 ba ne duk da sunan tatsuniya da suke da shi: tsohon harshe ne, ga dogayen jimloli. Labarin da kuka ƙaga jiya ya fi masa amfani.

Karatu ne kuma wurin gyaran furuci, don nan harafi ke yaudara. W ana furta ta kamar v ta Turanci, ita kuma v a Vater f ce. Z ta zehn da Zeit ta yi kusa da ts ɗinmu na tsaya, sai dai ba a matse ta a maƙogwaro. Ch ta Buch da Nacht kuwa, duk wanda ya yi karatun allo ya san ta a harafin kha na Larabci. Wadda za ta ba da aiki ita ce p da f, don Hausa ba ta raba su: a riƙa jin Apfel da Pfeffer a bakinka sau da yawa kafin ka nemi a faɗa. Bayan darasi ka ɗauki labarin da muryarka, minti biyu, ka tura dandalin WhatsApp na ajin a saurara a hanya. Mai data kuma ka nuna masa darussan Jamusanci na kyauta a shafin DW, gidan rediyon da sashensa na Hausa ke watsa shiri tun 1963.

Nahawu fa?

Ana yin sa, amma a gutsure, a daidai inda ya taso. Kun karanta "Der Hund sieht Gizo", can ƙasa kuma "Gizo sieht den Hund". Ka tambaya: me ya sa der ya koma den? Ka amsa a taƙaice: a ta farko kare ne ya gani, a ta biyu shi aka gani. Wanda ya yi nahawun Larabci a Islamiyya ka ce masa fa'ili da maf'uli ne, nan take zai gyaɗa kai. Haka lissafin einundzwanzig, ɗaya-da-ashirin, tsarin wahid wa ishrun ne sak. Sai a koma labari. Wata rana ka nuna musu cewa a "Am Montag geht Gizo zum Markt" aikatau ya riƙe gurbi na biyu, wata rana kuma cewa weil tana tura shi ƙarshe: "weil er Hunger hat". Kowane suna kuma a koye shi da der, die ko das ɗinsa manne, a cikin jimla, tun farko.

In ɗalibi ya ce "Gizo haben Hunger", kada ka tsinka shi a gaban mutane. Ka ce da fara'a, "Ja, Gizo hat Hunger!" ka wuce.

Inda labari kaɗai bai isa ba

Ba kowa ne ya yarda da Krashen ɗari bisa ɗari ba. Merrill Swain ta yi nazarin yaran Kanada da aka koyar da su darussa cikin Faransanci shekara da shekaru, ta ga suna fahimta sosai amma maganarsu da rubutunsu na da gyara, sai ta ce a 1985 dole mai koyo ya riƙa fitar da harshen shi ma. A ganina tana da gaskiya, balle ga wanda jarrabawa ke jira. Don haka daga mako na huɗu ko na biyar ka ba su minti biyar su rubuta labarin da ka, iya abin da suka tuna, ba ƙamus. Kada ka bi da jan biro. Su ƙirga kalmominsu su rubuta adadin a ƙasa, bayan wata guda su gwada da na farko.

Jarrabawar A1 ta cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe, wadda ake kira Start Deutsch 1, kashi huɗu ce: saurare, karatu, rubutu da magana, kuma da maki 60 cikin 100 ake ci. Jerin kalmominta bai wuce wajen 650 ba. Ka ajiye jerin kusa, ka riƙa duba waɗanda labaranku ba su taɓo ba, ka saƙa su cikin na gaba: Gizo ya je wajen likita, Ƙoƙi na neman ɗakin haya, Kura ta makara jirgin ƙasa ya tashi. A makonnin ƙarshe a yi atisayen abin da za a tarar a ɗakin: cike fom, gajeren saƙo na kalmomi kamar 30, gabatar da kai, harrafta suna da faɗin lambar waya. Ka ware darasi guda sukutum don agogo, a cikin labarin wani da ke ta saɓa alƙawari, domin halb acht bakwai da rabi ce, ba takwas da rabi ba, kuma sashen saurare cike yake da lokutan jirgi da na ganin likita.