Bajekolin kammala karatu a Birtaniya: ga ƙannenmu masu karatun zane da sana'ar hannu

Duk wanda ya zo Birtaniya karatun zane, ko saƙa da rini, ko ginin tukwane, ko ƙirar azurfa, ko tsara tufafi da kayan ɗaki, ya kamata ya san inda karatunsa zai ƙare tun ranar da ya sauka. Zai ƙare ne a bajekolin ƙarshen shekara, lokacin da makaranta ke kwashe tebura daga ɗakunan aiki, a shafe bango da farin fenti, a buɗe ƙofa kowa ya shigo ya ga abin da ɗalibai suka yi. Masu digirin farko galibi a Mayu ko Yuni suke nasu. Masu digiri na biyu wasu a Yuni ko Yuli, wasu sai Agusta ko Satumba. Aikin da ka kafa a wurin shi malamanka za su ba maki, tare da wani mai dubawa da ake gayyatowa daga wata jami'a, kuma shi ne dai masu gidajen baje zane da kamfanoni da 'yan jarida za su gani. Shekara bayan shekara ina ganin ƙannenmu suna zuwa da hannu mai albarka, su yi aikin da baƙo ke tsayawa ya daɗe a gabansa, sannan makonnin ƙarshe su rikita musu lissafi saboda takarda da ɗakin haya. Abin yana ci mini rai, don kusan duk matsalar ana iya ganin ta tun daga nesa.

Buɗe asusun banki, rajista da likitan unguwa, katin rangwamen jirgin ƙasa na ɗalibai, duk waɗannan kowa zai nuna maka, ba sai na ɓata maka lokaci ba. Sanyi kuma za ka saba.

Shi bajekolin, fara da aljihu. Kuɗin makarantar da ka biya, duk yawansa, a mafi yawan wurare bai haɗa da katako da yumɓu da yadi da bugun hoto da firam ba. Kai za ka saya. A makarantu da dama ɗalibai ne ke haɗa kuɗin buga littafin bajekolin, su yi gwanjon ƙananan ayyuka ko su bi kamfanoni neman tallafi. Shiga wannan kwamitin. Mutanenmu suna da halin cewa su karatu ya kawo su, su bar Turawa su zauna su raba wurare, ranar kafi kuma su tarar an ba su lungun bayan matattakala. A wajen waɗannan zaman ne ake jin maganar bango da haske da wanda zai tsaya kusa da ƙofa.

Za a ba ka takardar tantance haɗari ka cike, kuma duk abin da ke amfani da lantarki sai ma'aikacin makaranta ya gwada shi ya manna masa shaida. Kada ka ɗauka tsirfa ce. A ranar 23 ga Mayu, 2014, ana cikin shirin bajekoli a makarantar zane ta Glasgow, iskar gas daga gwangwanin kumfar cike rami ta haɗu da zafin na'urar haska hoto a wajen aikin wani ɗalibi, wuta ta tashi ta cinye shahararren ɗakin karatu na ginin Mackintosh, tsohon ginin makarantar. Duk ma'aikacin ɗakin aiki a ƙasar nan ya san wannan labarin. Idan ya ce ba za ka kunna kyandir ko turaren wuta a cikin aikinka ba, ba ƙiyayya ba ce, ka nemi wata dabara tun da wuri. Kuma ka girmama waɗannan ma'aikatan. Su ke riƙe da tanderun gasa tukwane da injin yanka da jadawalin layi, kuma a watan Afrilu layin kan cika. Masu son a aiko musu da kayan aiki daga gida su ma su yi hattara: ɗanyar fata da fatar kada ko mesa suna da dokoki masu tsauri a kan iyaka, cinikin hauren giwa kuwa doka ta hana shi tun 2022, in ban da 'yan keɓantattun tsofaffin kaya.

Daren buɗewa na masu katin gayyata ne, a nan manyan baƙi suke zuwa. Za a zagaya da giya, ka ɗauki lemo ko ruwa, babu wanda zai kalle ka. Abin da ake kallo shi ne ko kana tsaye kusa da aikinka, ko kana iya bayaninsa cikin jimla uku, ko akwai kati mai sunanka da adireshin imel wanda ba na makaranta ba, don na makaranta ana rufe shi bayan ka gama. Kunya a wannan daren ba ta da riba.

Yanzu ga inda ake kuka.

Kowane sabon zuwa ya ji labarin Alexander McQueen, shahararren mai tsara tufafi, wanda Isabella Blow, editar mujallar kayan sawa, ta saye duk tufafin da ya baje ranar kammala karatunsa a Central Saint Martins, makarantar zane a Landan, a 1992. Gaskiya ne an yi haka. Sai dai shi ɗan Landan ne, babu biza a wuyansa. Kai kuwa bizar ɗalibi gare ka, kuma sharaɗinta a fili yake: aikin albashi na awa 20 a mako lokacin karatu, amma ba a yarda ka yi sana'ar kanka ko harkar kasuwanci ba. Tsara wa wani kamfani tambari ka aika masa da takardar neman biya, sana'ar kai ce. Ɗaukar hoton biki a biya ka, sana'ar kai ce. Buɗe shago a Etsy, shafin sayar da kayan hannu a intanet, ko karɓar odar ɗinki ta Instagram, duk cikinta suke. Sayar da aikinka a bajekoli ma yana iya faɗawa ƙarƙashin wannan hanin, don haka kafin ka rubuta farashi a jikin komai, je ofishin masu ba ɗaliban waje shawara kan biza, ka yi tambayar a rubuce, ka ajiye amsar. Malamin zanenka ba masanin dokar shige da fice ba ne. Zai ce maka ka saka farashi da zuciya ɗaya, don yana ganin abokan karatunka 'yan ƙasa suna manna jan ɗigo a gefen aikinsu, alamar an saya.

Na san zafin wannan abin. A shekarata wata mata mai shagon kayan ado ta tsaya gaban yadukan da na rina, ta ce tana son su duka, har ta buɗe jaka. A lokacin kuɗin haya na bi na. Na gaya mata takardata ba ta ba ni damar sayarwa ba tukuna, na karɓi katinta, na koma gida ban iya cin abinci ba. Ta jira har kaka, bayan sabuwar bizata ta fito, muka yi ciniki. Ba kowa ke jira ba, wasu sun tafi ba su dawo ba. Amma na ga ɗaya ɓangaren ma. Wani ƙaninmu mai hazaƙa abokai suka ce masa ai babu mai dubawa, ya yi ta karɓar ƙananan ayyuka, kuɗin na shiga asusunsa da sunayen kamfanoni. Da lokacin neman biza ta gaba ya zo, abin da ya tara bai kai abin da ya kai wa lauya ba, ga watanni na rashin barci. Karya sharaɗin biza na iya sa a soke wadda kake da ita ko a hana ka ta gaba, kuma bayanan banki ba sa gogewa. Masu ce maka babu mai dubawa ba za su raka ka filin jirgi ba.

Ga wani tarkon da masu digiri na biyu ke faɗawa. Suna ganin an gama darasi a Yuni, sai su ɗauka hutu ya zo, su karɓi aiki na cikakken lokaci. A jami'o'i da yawa watannin babban aikin ƙarshe lokacin karatu ne, iyakar awa 20 tana nan har ranar da kwas ya ƙare a takarda. Aikin koyon sana'a da ba a biya, irin wanda gidajen ɗinki ke tayi wa ɗalibai a daren buɗewa, shi ma yana iya shiga lissafin awannin.

Mafita ita ce bizar Graduate, wato ta zama bayan kammala karatu, wadda aka fara a Yulin 2021. Da ita kana iya sana'ar kanka. Shekara biyu ce, uku ga masu digirin digirgir, kuma gwamnati ta sanar cewa masu nema daga Janairun 2027 wata 18 za su samu, ban da masu digirgir. Amma ba ranar bajekoli ake neman ta ba. Sai sakamako ya fito, jami'a ta sanar da Ma'aikatar Cikin Gida cewa ka kammala, sannan ka nema, kana cikin ƙasar, kafin bizar ɗalibi ta ƙare. Idan kwas ɗinka wata 12 ne ko fiye, ana ƙara maka wata huɗu bayan ranar ƙarewa. Idan tsakanin wata shida ne da 12, wata biyu kacal. Ka duba kwanan watan da idonka yau. Faɗuwa a darasi ɗaya ko bashin kuɗin makaranta na iya jinkirta sakamakon har ya ci wannan tazarar. Ga kuma kuɗi: ban da kuɗin neman bizar, akwai kuɗin lafiya, fam 1,035 a kowace shekara tun Fabrairun 2024, kuma a dunƙule ake biya. Wannan kuɗin yana zuwa ne daidai lokacin da bajekoli ya ƙwaƙule aljihunka, shi ya sa nake cewa a fara ware shi tun zangon farko, don ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan ka nema kuma, kada ka ce bari ka leƙa gida ko Faransa kafin amsa ta zo. Fita a wannan lokacin na sa a ɗauka ka janye buƙatarka.

Idan bizar ta fito, sai ka yi rajistar haraji a matsayin mai sana'ar kansa da zarar cinikinka ya wuce fam 1,000 a shekarar haraji. Maƙeran azurfa da zinariya su sani cewa ba a sayar da azurfar da ta wuce giram 7.78 ko zinariyar da ta wuce giram 1 da sunan azurfa ko zinariya sai da hatimin ɗaya daga ofisoshin tantancewa huɗu, a Landan, Birmingham, Sheffield ko Edinburgh.

Sai maganar ɗaki. Kwantiragin ɗakunan kwanan ɗalibai na digirin farko yakan ƙare a wajen Yuni, wato kusan makon da ake kwance bajekoli. Makaranta za ta ba ka 'yan kwanaki ka kwashe kayanka, abin da ka bari ya tafi babban kwandon shara, kuma ba wasa suke ba. Na ga tukwanen da aka yi wata tara ana ginawa a jibge a bakin titi cikin ruwan sama, mai su na ta kiran waya yana neman mai mota. Ka kama wurin ajiya da mai ɗaukar kaya tun watan Afrilu, ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba kuɗin. Kafin a sauke komai daga bango, ka sa a ɗauki hotuna masu kyau, don su ne za su yi maka magana shekaru masu zuwa.

Mai neman sabon ɗaki a Ingila sai ya nuna wa mai gida shaidar izinin zama ta intanet, kuma dillalai na ja da baya idan suka ga biza ta kusa ƙarewa. Idan ka riga ka nemi sabuwa a kan lokaci, izininka na ci gaba, kuma akwai sashen Ma'aikatar Cikin Gida da mai gida zai iya tambaya ya tabbatar. Da yawansu ba su san da shi ba, kai za ka gaya musu. Kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna, a Ingila bai wuce na hayar mako biyar ba a gidaje na yau da kullum, kuma dole mai gida ya saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Wanda ke zaune gida ɗaya da mai gidan ba shi da wannan kariyar, haka wanda ya karɓi ɗaki hannun wani ɗan'uwa ba tare da takarda ba. Mu masu fenti da rini masu gida sun san mu. Wanda na kama hayar gidansa ya ce zai riƙe kuɗina duka saboda tabo a kafet, wai rinina ne. Hotunan da na ɗauka ranar da na shiga ɗakin, masu ɗauke da kwanan wata, su suka nuna tabon ya riga ni zuwa, masu sasantawa na asusun kariyar suka mayar mini da kuɗina ba tare da na biya ko kwabo ba. Ka ɗauki hoton kowane lungu ranar farko, kuma kada ka jiƙa baba ko ka kwaɓa filasta a ɗakin haya. Harajin ƙaramar hukuma da aka yafe maka don kana ɗalibi shi ma yana farawa da zarar kwas ya ƙare.

Duk da wannan faɗan, ina alfahari da ku. Ba yau 'yan Afirka suka fara tsayawa a waɗannan zaurukan ba. Ben Enwonwu na Najeriya ya yi karatu a makarantar zane ta Slade da ke Landan a shekarun 1940, Ibrahim El-Salahi na Sudan ya biyo baya a shekarun 1950. Magdalene Odundo ta Kenya ta je ta ga yadda Ladi Kwali ke gina tukunya da hannu, ta yi digiri na biyu a makarantar Royal College of Art da ke Landan, yau manyan gidajen tarihi na duniya ke ajiye tukwanenta. Idan makarantarku na kai ɗalibai New Designers, taron baje aikin sababbin masu kammala karatu da ake yi na mako biyu a unguwar Islington ta Landan a wajen Yuni ko Yuli, ka tambayi yadda ake zaɓe da abin da za ka biya tun kafin Kirsimeti. Masu tufafi su tambayi Graduate Fashion Week, taron baje tufafin masu kammala karatu, masu zane su sa ido kan lokacin neman shiga New Contemporaries, bajekolin sababbin masu zane wanda ake yi tun 1949.

Idan kana son Mama ko Baba su zo su gani, bizar baƙunci ana iya neman ta wata uku kafin tafiya. Ka karɓi wasiƙar makaranta da wuri, ka kuma yanke shawara ko bajekolin za su zo ko bikin yaye ɗalibai, don sau da yawa akwai makonni ko watanni a tsakani. In da ni ce, bajekolin zan kawo su. Ka kuma sanar da mu tsofaffin zuwa kwanan watan, za mu zo da abokan aikinmu, wani ma ya zo da mota ranar kwashe kaya.