Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Saye da Amfani da Tsofaffin Sifanoni da Kayan Aikin Hannu

Zariya tana cikin garuruwan Arewa da tsofaffin kayan aiki masu nagarta suka taru a cikinsu, kuma ba abin mamaki ba ne, domin gari ne na jirgin ƙasa tun kafin yaƙin duniya na farko, daga nan ne ƙaramin layin dogo da ke zuwa Jos ya tashi har aka rufe shi a 1957, sannan manyan motocin Bedford da Land Rover sun daɗe suna zirga-zirga a hanyoyinta. Kowane zamani ya bar nasa sifanonin a akwatunan makanikai da kafintoci, kuma har yau mai sa ido yana tsintar su a shimfiɗun 'yan gwangwan a Sabon Gari da Tudun Wada. Abin da ke damuna shi ne, yawancin waɗannan kaya ba tsufa ke kashe su ba, hannun wanda ya saye su da kyakkyawar niyya ne yake lalata su.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne rashin sanin ma'aunin da aka ƙera sifanar a kansa. Makanikenmu na yau ya tashi da lamba goma, sha biyu, sha uku da sha bakwai, wato milimita, wadda ta kafu sosai bayan da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975 kuma motocin Japan suka cika gari. Amma tsofaffin sifanonin Ingila iri biyu ne dabam. Akwai masu alamar AF, waɗanda lambarsu ke nuna faɗin kan notin da inci, akwai kuma masu alamar W ko BS, na tsarin da injiniyan Ingila Joseph Whitworth ya fito da shi a 1841, waɗanda lambarsu ke nuna kaurin sandar notin, ba faɗin kansa ba. Shi ya sa sifanar da aka rubuta wa 1/4 W take da baki mai faɗin fiye da milimita 13 kaɗan, alhali mai karanta lambar zai zaci 'yar mitsitsiya ce. Haɗarin yana cikin kusancin da ke tsakanin inci da milimita: rabin inci na AF milimita 12.7 ne, wato dab da lamba 13, 9/16 kuwa ya ɗan haura milimita 14, saboda haka sai sifanar ta zauna a kan notin kamar ta dace, da zarar an ja da ƙarfi sai ta zame ta cinye kusurwoyinsa, ita ma bakinta ya buɗe. Gyaran wannan mai sauƙi ne. A karanta alamar kafin a saya, a ware na inci a jaka dabam, a bar su ga tsohon keke, tsohuwar Land Rover ko injin niƙa na da. Ƙalilan ne suke shiga juna ba tare da ɓarna ba, kamar 3/4 da milimita 19, ko 7/16 da milimita 11.

Daga nan sai sayen suna maimakon sayen ƙarfe. Gaskiya ne kamfanonin King Dick da Britool na Ingila, Gedore, Hazet, Elora da Stahlwille na Jamus, Facom na Faransa da Bahco na Suwidin sun ci sunansu, kuma rubutun W. Germany yana nuna cewa kayan na zamanin da Jamus take rabe ne, kafin haɗewarta a 1990. Sai dai sunan da ya yi tashe shi ake kwaikwaya, sannan ko asalin ma yana iya kasancewa ya gama aiki. Ni idan zan shiga kasuwa nakan zuba noti uku ko huɗu sababbi a aljihu. Sai in ɗora sifanar a kan wanda ya dace da lambarta, in girgiza ta a hankali. Idan tana rawa, bakin ya buɗe, kuma babu abin da zai mayar da shi. Nakan goge wuyanta da tsumma in ɗaga ta a rana, domin a daidai inda baki ya haɗu da mariƙi ne tsaga take ɓuya, siririya kamar gashi. Sifana mai zobe kuma, wato wadda bakinta yake kewaye notin gaba ɗaya, a leƙa cikinta a ga ko haƙoran suna da kaifi ko sun shafe. Rubutun asali yakan fito da tsabta da daidaito, na jabu kuwa sau da yawa harufansa ba su jeru ba. Kalmar Chrome Vanadium, wato sunan irin ƙarfen, ita kaɗai ba shaida ba ce, tunda kowa yana iya buga ta.

Wajen wanki ne zuciyata ta fi sosuwa. Na taɓa ba wani mai walda sifanar King Dick da na gada daga mahaifina domin ya cire mata tsatsa, kafin in juya ya ɗora ta a dutsen girandin, ta fito tana ƙyalli, amma sunan ya shafe, lambar ta tafi, bakin kuma ya ƙara faɗi har ba ya riƙe notin da ya saba riƙewa. Wasu kuma ruwan batir suke tsoma kaya a ciki, wanda yake cin ƙarfe mai lafiya tare da tsatsar, ban da ƙunar da yake yi wa hannu da ido. Abin da ya kamata shi ne a jiƙa kayan a kananzir kwana ɗaya ko biyu, a goge da burushin waya na hannu. Idan tsatsar ta yi kauri a sa a ruwan tsamiya ko na lemun tsami na wasu sa'o'i, ana dubawa, sannan a ɗauraye da ruwan kanwa kaɗan domin kashe tsamin, a shanya nan take, a shafa mai. Duhun da ke jikin tsohon ƙarfe ba datti ba ne, a bar shi. Cikin bakin sifana kuwa kada samfefa ta taɓa shi.

A wajen aiki, kowa ya san yadda ake zura faif a mariƙin sifana ko a doke ta da guduma idan noti ya ƙi. Tsawon mariƙin an auna shi ne daidai da abin da bakin zai iya ɗauka, don haka ninka tsawon ninka nauyin ne a kan ƙarfen da ya riga ya yi shekara hamsin yana aiki. Notin da ya cije a jiƙa shi da mai a ba shi lokaci, a fara kwance shi da mai zobe ko soket, a bar mai buɗaɗɗen baki sai ya saki. Sifanar da ake daidaita bakinta, irin wadda Johan Petter Johansson ya yi wa rajista a Suwidin a farkon shekarun 1890, a matse ta sosai a kan notin, a ja ta yadda nauyin zai faɗa a kan muƙamuƙin da ba ya motsi. Kada a sa sifana a wuta domin a lanƙwasa ta, zafi yana warware taurin da masana'anta suka ba ta. Sukudireba ba cizal ba ce, shi kuma cizal ɗin da kansa ya baje kamar naman kaza a gyara kan, domin ɓarɓashinsa yana tashi ya shiga ido.

Ajiya ma tana da nata kuskuren, musamman a yanayin Zariya. Daga Mayu zuwa Oktoba danshin damina yana ratsa daɓen siminti, saboda haka akwatin kaya ya hau katako, kada ya zauna a ƙasa. Na sha ganin ana zuba sifanoni a tsohon buhun taki, alhali gishirin takin zamani yana jawo laima ya sa ƙarfe tsatsa. A shafa man inji mai tsabta kaɗan, ba baƙin mai ba, ba kuma man gyaɗa ba, wanda yake yin danƙo. Da hunturu kuma ƙotar guduma takan bushe ta yi sako-sako, sai a jiƙa ta a ruwa, ta kumbura yau, ta ƙara sakwarkwacewa jibi. Gyaranta shi ne a buga mata sabon tsinken katako ko na ƙarfe a ka. Magagari da zarto a naɗe kowanne a tsummansa, domin idan suna gogar juna a cikin akwati haƙoransu ne ke tafiya.

Idan kuwa dattijon makanike ko kafinta ya rasu, iyalai kan haɗa akwatinsa da sauran ƙarafan gida a sayar wa 'yan jari bola a kan sikeli. Kafin a kai ga haka, a kira ɗaya daga cikin yaran da ya yaye ya zauna ya tantance kayan ɗaya bayan ɗaya, ya ware masu aiki, ya faɗa wa magada kimarsu a kasuwa, sannan a san abin da za a raba da abin da za a sayar.