Darasi na 9: Idan hukuma ta soke kuɗi, me ke nan?

To 'yan uwa, yau kan soke kuɗi za mu zauna. Takardar kuɗin da ke aljihunka doka ce ta mai da ita kuɗi, hukuma ce ta ce a karɓe ta a ciniki, a biya bashi da ita, to ranar da hukumar ta janye wannan magana shi ke nan, takarda tana nan da hotonta da lambarta amma ba wanda ya zama dole ya karɓa. Kar a haɗa shi da karyewar darajar kuɗi, wancan ana karɓa, sai dai ba ya sayen abin da ya saba saye.

A Indiya, daren 8 ga Nuwamba 2016, Firaminista Narendra Modi ya fito a talabijin ya ce takardun rufi (kuɗin ƙasar) 500 da 1,000 sun daina aiki daga tsakar dare, alhali su ne kusan kashi 86 cikin ɗari na tsabar kuɗin da ke yawo a ƙasar. An ce don a kama masu ɓoye kuɗin haram da masu buga jabu ne. Aka ba mutane zuwa 30 ga Disamba su kai banki, layi ya cika ko'ina, daga baya kuma babban bankinsu ya ce sama da kashi 99 na takardun sun dawo. Ni dai abin da ke taɓa min zuciya shi ne ɗan leburan da ake biya kullum a hannu, ba shi da asusu, ba shi ya ɓoye komai ba amma shi ya fi jin jiki.

Ƙarfe ma ana cire shi daga kuɗi. A 1873 Amurka ta daina buga dalar azurfa da aka saba, Jamus ita ma a shekarun nan ta koma kan zinariya. Azurfa ba ta zama banza ba tunda maƙera na saye a kan nauyinta, amma farashinta ya faɗi, kuɗi suka yi ƙaranci, manoma masu bashi suka ji nauyin biya. Takarda kuwa in wa'adi ya wuce ba mai auna ta.

Shi ya sa wa'adi ne abin lura. Bayan an fito da takardun yuro, kuɗin bai ɗaya na wasu ƙasashen Turai, a 2002, Faransa ta rufe canjin tsofaffin takardunta a 2012, Jamus kuwa har yau babban bankinta yana canza mak, wato tsohon kuɗinta. Saboda haka in ka ji sanarwa kar ka tsaya jita-jita, ka tambayi banki waɗanne takardu ne abin ya shafa, yaushe za a daina ciniki da su, yaushe kuma za a rufe canji, don waɗannan ranaku biyu ba lallai su zo ɗaya ba. Ka kai da wuri, kar ka yarda wani ya karɓe maka a kan ragi don ya ga ka firgita.

Aikin gida: rubuta layi biyu a littafinka kan bambancin soke takardar kuɗi da cire azurfa daga kuɗi.