Babi na 7: Auna Samu da Rashi Kafin a Sayi Ragon Kiwo

Darasi na ɗaya

Ku buɗe littafin rubutunku a shafin da ba a taɓa ba. Ku ja layi ɗaya a tsakiya, daga sama har ƙasa, kamar kunya a gona. Wajen hannun da kuke cin tuwo da shi, dama ke nan, ku rubuta SAMU a can sama. A hagu ku rubuta RASHI. Wanda layinsa ya karkace kada ya damu, ba gini muke yi ba.

Ga misalin da za mu yi aiki da shi. Kun kwashi adashe bayan Ƙaramar Sallah, kuna so ku sayi rago ku turke shi, ku sayar kafin Layya. Daga 1 ga Shawwal zuwa 10 ga Zulhajji kwana 70 ne ko kusa da haka. Kuɗin da zan faɗa na koyo ne kawai. Farashin gaskiya sai wanda ya shiga kara, ko a Wudil ranar Juma'a ko a kasuwar da ta fi kusa da ku.

A ce kun sayi ɗan Yankasa ramamme naira dubu ɗari. Ku rubuta 100,000 a hagu. Ɗaya, sannan sifili biyar. Ku ƙirga da yatsa: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. In huɗu ne, dubu goma kuka rubuta, kuma dubu goma ba ta sayen rago. Ku sake ƙirgawa.

A ce kun sayar da shi dubu ɗari da tamanin. Ku rubuta 180,000 a dama.

Nawa ce riba? Duk ajin da na koyar, sai na ji murya ta tashi: "Dubu tamanin, Malam!" A'a. Ragon iska ya sha kwana 70? Dusa da harawa da kowar wake, a ce naira 500 kullum, 35,000 ke nan. Maganin tsutsar ciki da kanwa 3,000. Kuɗin mota da la'adar dillali 7,000. Duk waɗannan hagu za su. Hagu, ba dama ba. Ku tara su da kuɗin saye: 145,000. Ku cire daga 180,000. Abin da ya rage 35,000. Ita ce ribar, in komai ya tafi daidai.

Yanzu mun iso wurin da kowa ke tuntuɓe. A ƙasan gidan hagu ku rubuta wannan tambaya: IN RAGON YA MUTU FA?

Na san abin da za ku ce. "Allah ya kiyaye, Malam." Amin. Amma ku rubuta. Rubutu ba ya kashe rago. Abin da ke kashe rago shi ne ledar da ya haɗiye a bola, ko kumburin ciki bayan ya samu buhun hatsi a buɗe, ko gudawa. Akwai ɓarawon dare. Akwai kuma ragon da bai mutu ba amma ya gurgunce ko ido ɗaya ya mutu, kuma kun san irin wannan ba ya yin layya, sai dai mahauci ya taya yadda ya ga dama. Akwai shekarar da dabbobi ke cika kasuwa ranar jajibere, masu saye su ja baya, mai rago ya koma gida da abinsa yana ci gaba da ba shi dusa.

Ku rubuta tambayar. Inna, ke da ke baya, na ga kin bar wurin fili. Rubuta. Baba, kai ma, sannu a hankali, harafi bayan harafi. Hannunka ya fi na makon jiya.

A ƙarƙashin tambayar ku sa amsa da lamba: kusan 140,000 sun tafi. To ku dubi shafin. Riba in an dace 35,000, rashi in ya mutu 140,000. Ban ce kada ku yi kiwo ba, mutane da yawa da shi suka rufa wa kansu asiri. Cewa na yi ku san abin da kuka ɗora a kan me. In kuɗin rarar ku ne, rago ya mutu, za ku yi baƙin ciki ku ci tuwon dare. In kuɗin adashe ne da kuka kwasa da wuri, rago ya mutu, uwar adashe ba ta san wannan ba, zubi yana nan duk mako har zagaye ya ƙare. In kuɗin makarantar yara ne, ku rufe littafin ku sake tunani.

Sau uku ke nan ina faɗa, zan ƙara na huɗu, don bara mutum biyu a aji suka kawo mini shafi dama cike, hagu fari fat. Wannan ba lissafi ba ne, mafarki ne aka rubuta da fensir. Manya ne ku, kuna aurar da 'ya'ya, bai kamata in riƙa bin ku kujera kujera ba. Hagu ake fara cikawa.

Darasi na biyu

Mai gadi yana karɓar albashi duk wata, yana so ya ajiye aikin ya karɓi Keke Napep na biya a hankali. Ku ja layi kamar na ɗazu. A dama, abin da yake sa ran samu a rana. A hagu, albashin da ya bari, da kuɗin mai, da balas, wato kuɗin da zai riƙa biyan mai keke, da gyara. Tambayar ƙasa: in ya kwanta ciwo mako biyu, wa zai biya balas? Kada ku tsallake ta.

Darasi na uku

Tafiya ci-rani. Haka za ku yi, layi ɗaya, gida biyu. Ku tuna da gonar da za a bari.

Aikin gida: kowa ya zaɓi abu ɗaya da yake niyyar yi bana, ya cika shafi. Ku zo da fensirinku, ba ni da sauran na rabawa.