Ka ɗora wa a-kori-kura supercharger, inji ya fara kuka: ga inda zaka fara dubawa

Abu na farko wallahi ka ajiye motar, kar ka ce bari in lallaɓa in kai Bauchi in dawo. In kana jin wani ƙas-ƙas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani duk sanda ka taka totur, musamman a hawa da kaya a baya, to fetur ne yake fashewa ba a kan ƙa'ida ba, kuma duk taku ɗaya fistin yake ci.

Shi supercharger bel ne yake juya shi daga karanshaf, yana cusa iska da ƙarfi cikin inji. To iska ta ƙaru, dole fetur ya ƙaru, dole a gyara kwamfutar motar ta ja lokacin wuta baya kaɗan. Mutanenmu sai a ɗaura ƙarfen kawai a bar injekta da famfon mai na asali, ga man da muke sha ba mai octane (ƙarfin fetur na jure matsi da zafi ba tare da ya fashe da kansa ba) mai yawa bane, ga zafin Gombe a watan Afrilu da yake haura 40, iskar da aka matsa kuma dama zafi take ƙarawa in babu intercooler (abin sanyaya iskar kafin ta shiga inji) mai kyau. Tacoma ko Tundra mai fetur haka ake kashe su.

Fara da na'urar scanner, ita ce mai arha. P0300 zuwa P0308 missing ne, wato silinda ba ta ƙona mai daidai; daga P0301 zuwa P0308 lambar ƙarshe ita ce silindar da ke yi, P0300 kuwa ba ta nuna silinda ɗaya takamaimai. P0171 ko P0174 kuma mai ne ya yi wa iska kaɗan. Ka rubuta su kafin wani ya goge.

Sai filogi, kuma nan nafi so ka tsaya. Ka kwance su ka jera yadda suke, kar ka cakuɗa. Mai lafiya ruwan ƙasa-ƙasa yake. Wanda ya yi fari fat silindarsa na ƙishirwar mai, in kuma kaga ɗige-ɗige masu ƙyalli a jikin farin tangaran ɗin to alminiyon fistin ne ya narke ya manne, in bakin filogin ya lotse wani abu ne ya karye a ciki ya doke shi. Wanda ya fito tas kamar an wanke shi, ruwan lagireto ne ke shiga.

Daga nan a auna kwamfureshin, an cire filogi duka, an katse mai, totur a buɗe. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 tsakanin silinda matsala ce. Wadda ta yi ƙasa ka zuba mata baƙin mai cokali ɗaya ka sake: in ta hau, ringi ne ko gefen fistin da ke riƙe ringin ya tsage, in bata motsa ba ka zargi bawul. Biyu maƙwabta suka faɗi tare, galibi gasket ne. In bakanikenka na da abin hura iska cikin silinda ya fi, sai ka kasa kunne: ta murfin baƙin mai ringi, ta salansa bawul, kumfa a lagireto gasket ko tof silinda ya tsage. Lagireto dai sai inji ya huce ake buɗewa don Allah.

Ka juye baƙin mai a faranti mai tsabta ka kai rana. Ƙyalli kamar garin zinari metal (bearin ɗin da karanshaf ke juyawa a kai) ne ya fara ci, in ya koma kalar shayi da madara ruwa ya shiga.

Abin da yake ƙona min rai shine a zuba kuɗi a sake fistin da ringi, a mayar da supercharger ɗin yadda yake ba a taɓa komai ba. Kafin a sake tada shi a auna ƙarfin famfon mai, a sa injekta da suka dace, a duba ko an sa ƙaramin fuli don ƙarin iska, a nemo wanda ya iya saita kwamfutar da gejin auna iska da mai a salansa. In babu shi a kusa, ni dai shawarata a sauke supercharger ɗin a ajiye har a samu.