Sake bayar da fili: inda masu takardar mallaka suka fi tafka kuskure

Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, ƙasar kowace jiha a Najeriya tana hannun gwamna ne bisa amana. Abin da mai takardar mallaka ke riƙe da shi haƙƙin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama, a wasu jihohin kuma ƙasa da haka ga filin kasuwanci ko masana'anta. Idan wa'adin ya ƙare, ko mai filin ya mayar da haƙƙinsa, sai gwamna ya sake bayarwa. Shi ne ake rubutawa "re-grant" a fom ɗin ma'aikatar ƙasa.

Babban kuskure shi ne ɗaukar abin tamkar sabunta lasisin tuƙi. Sabuwar bayarwa ce, da sabon wa'adi, sabon kuɗin ƙasa (wanda ake biyan gwamnati duk shekara), kuma ana iya sauya sharuɗɗa. Ba ta zuwa da kanta, sai an nema. Sannan wa'adi yana farawa ne daga ranar da aka rubuta a takardar, ba ranar da ka saya ba. Wanda ya sayi shago a 2010, alhali takardarsa ta shekara 40 ce da ta fara aiki a 1980, shekara 10 kacal ya saya. Duba ranar, ka shigar da buƙata tun da sauran lokaci.

Da yawa kuma suna rikita sake bayarwa da sauya tsohuwar takarda zuwa ta kwamfuta, irin wadda hukumomin rajistar filaye, wato AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano, ke yi. Wannan ba ya ƙara ko kwana ɗaya a wa'adi.

Inda fayil ya fi maƙalewa shi ne suna. Gida ya wuce hannu uku, kowa da takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa, amma a ma'aikata sunan mai filin farko ne ke nan. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ya wajabta amincewar gwamna kafin sayarwa ko jinginarwa, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar bai inganta ba. Gyaran shi ne a bi kowane ciniki a yi masa rajista har sunan ya iso kanka. Idan gado ne, a kawo takardar rabon gado ko ta izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu. Yarjejeniyar baki tsakanin magada ba ta shiga fayil.

A biya bashin kuɗin ƙasa, a haɗa rasit. Idan an taɓa jinginar da takardar a banki, a karɓo shaidar sakinta a yi mata rajista. Gidan zaman da aka mayar shaguna ba da izini ba kuwa, jami'an da za su zo duba wurin za su gani, don haka a nemi izinin sauya amfani tun da wuri. Haka katangar da ta ci hanya: a kira safiyo ya gwada iyaka da taswirar da ke fayil.

Wanda aka ba filin da aka ƙwace daga wani, shi ya fi kowa bukatar taka-tsantsan. Sashe na 28 ya yarda a soke haƙƙi ne don maslahar jama'a ko saboda saɓa sharuɗɗa, kuma dole a isar wa mai filin sanarwa a rubuce. Idan ba a yi haka ba, haƙƙinsa na nan daram, kotu na iya rushe bayarwa ta biyu ko da an yi bene a wurin. Kafin a biya ko sisi, lauya ya binciki fayil, ya ga sanarwar sokewar da shaidar cewa ta isa hannun mai ita.