Idan Bankuna Sun Fara Tangal-tangal: Aikin da Ke Gaban Majalisa

Makon farko na rikicin banki na Babban Banki ne. Ranar 14 ga Agusta 2009 gwamnan Babban Bankin Najeriya, Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sallami shugabannin bankuna 5, wato Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union, ya zuba musu naira biliyan 420. A watan Oktoba aka ƙara biliyan 200 ga wasu. Ba a jira ƙuri'ar majalisa ba, domin dokokin da ke ƙasa sun riga sun ba shi wannan iko. Inda ake buƙatar majalisa shi ne wajen yanke wa zai ɗauki asarar, nawa ce iyakarta, kuma yaushe za a nannaɗe tabarma.

Abin farawa shi ne gane cutar. Kwamitin harkokin banki na Majalisar Dattawa da na Wakilai su kira gwamnan Babban Banki, da shugaban hukumar inshorar ajiya ta NDIC, da ministan kuɗi. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulki sun ba su ikon bincike da sammaci. Wannan zama a yi shi a sirrance, don da zarar an ambaci sunan banki a gaban kyamara, kafin la'asar layi ya miƙe a ƙofarsa, har wanda ke da lafiya ma ya durƙushe. Babbar tambaya ɗaya ce: tsabar kuɗi ce ta yanke wa bankin, ko jarinsa ne ya karye? Na farko kamar ɗan kasuwa ne da shagonsa ke maƙil da kaya amma aljihu fayau, rancen wata uku ya ishe shi. Na biyu kuwa kayan ne suka ruɓe, kuma ba shi rance ƙara zurfafa rami ne. Don haka a nemi takarda a rubuce: kashi nawa na bashin da bankin ya bayar ba a biya, su wane ne manyan masu bashin 20, nawa daraktoci suka ranta wa kansu da 'yan uwansu, kuma me aka ajiye jingina. A 2009 yawancin ɓarnar ta fito ne daga rancen sayen hannun jari da na masu shigo da man fetur. Da kasuwar hannun jari ta faɗi, jinginar ta zama takarda kawai.

Daga nan sai kwantar wa masu ajiya hankali. A duba iyakar abin da inshora za ta biya idan banki ya mutu, wadda tun 2024 take naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci. Idan hauhawar farashi ta cinye iyakar, a matsa a ɗaga ta. Amurka ta yi haka a 2008, daga dala 100,000 zuwa 250,000.

Dokar ceto ita ce jan aikin, a nan kuma ake tafka kuskuren da ke bin ƙasa shekara da shekaru. Ɓangaren zartarwa kan zo da ƙudiri ɗan gajere, da roƙon a sa hannu yau-yau. A Satumban 2008 sakataren baitulmalin Amurka, Henry Paulson, ya kai wa majalisa shafi 3 yana neman dala biliyan 700, har da sakin layin da ya hana kotu duba abin da zai yi da su. Majalisar Wakilai ta yi watsi da ƙudirin ranar 29 ga wata da ƙuri'a 228 da 205, ma'aunin kasuwar hannun jari na Dow Jones ya zube da maki 777 a yinin. Ranar 3 ga Oktoba aka amince da wanda aka gyara: kuɗin kashi-kashi, biliyan 250, sai 100, sai 350, tare da mai bincike na musamman da kwamitin sa ido. Kwana 4 ke nan aka ɓata, kuma ba a banza ba.

Duk ƙudirin da ya iso, a tabbatar ya faɗi iyakar kuɗin da lamba, ya kuma ɗaure sakin kowane kashi da kawo rahoto. A jera yadda asara za ta bi layi: masu hannun jarin bankin su fara shafewa, shugabannin da suka yi ɓarnar su sauka, sannan a taɓa kuɗin jama'a. Idan aka juya wannan jeri, an koya wa kowane mai banki cewa riba tasa ce, faɗuwa ta talaka.

Sai batun farashi, wanda 'yan majalisa suka fi tsallakewa don yana da ciwon kai. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Yulin 2010 ta kafa hukumar AMCON domin ta sayi rubabben bashi daga bankuna, ta biya su da takardun lamuni. To, nawa za a sayi bashin miliyan 100 da mai shi ya daina ɗaga waya? In an saye shi da tsada, kyauta aka yi wa bankin a ɓoye. In an karya shi ƙwarai, bankin ya rubuta asarar da za ta kashe shi. Dole doka ta tilasta a buɗe kowane fayil, a ga ko takardar filin da aka jinginar an yi mata rajista da sunan bankin, ko kuwa fili ɗaya ne aka kai bankuna 3. A kuma rubuta tun farko ta ina kuɗin zai dawo. Bankuna sun fara da zuba kashi 0.3 cikin ɗari na kadarorinsu duk shekara a wani asusu, daga baya aka mai da shi 0.5. An yi tsammanin AMCON za ta gama cikin shekara 10, ga ta nan har yau. Dalili babba shi ne ba a ba ta haƙoran karɓar bashi ba tun ranar farko, manyan masu bashi suka yi ta jan ta a kotu, sai da aka gyara dokar a 2015 da 2019 da 2021. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ikon kwace kadara da wa'adin shari'a dole su shiga tun a karatu na biyu na ƙudirin.

Idan rikicin ya taɓa kuɗin shigar gwamnati, hanyar ita ce gyaran kasafi ko ƙwarya-ƙwaryar kasafi ƙarƙashin sashe na 81 na kundin tsarin mulki. A 2020, da annobar korona ta karya farashin mai, an sauke ma'aunin gangar ɗanyen mai a kasafi daga dala 57 zuwa 28. Ƙofar da ya kamata a tsare a nan ita ce rancen gwamnati daga Babban Banki. Dokar Babban Bankin ta 2007 ta ƙayyade shi a kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabace shi, amma aka bar shi ya taru har naira tiriliyan 22.7, majalisa ta zo a 2023 tana amincewa da abin da an riga an kashe. Maganinsa shi ne kwamitin kuɗi ya riƙa karɓar wannan lamba duk wata uku, a karanta ta a zauren majalisa.

Dokar gyaran dindindin ta jira ƙura ta lafa, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, a ji daga masu binciken asusu da ƙananan masu hannun jari da aka shafe. Amurka ta fitar da tata a Yulin 2010, ƙasa da shekara 2 bayan rikicin. Najeriya kuwa sai a 2020 ta sabunta dokar bankunanta ta 1991 gaba ɗaya, shekara 11 bayan sallamar shugabannin nan 5.